Masu Ingilishi ku taimaka min da kalmar "charge"

Laminu Bagalam: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah kalmar nan "charge" ta ɗaure min kai. Ni cajin salula kawai na sani, to mai turo min kayan waya daga Kano ya rubuto "delivery charge 15,000" ƙasa kuma ya sa "no extra charge", ni ko lakwal ɗin Faransanci na yi, wurinmu nan Nijar in an ce haka kaya ne da anka ɗora ma mota. Mi yake nuhi, kuma ina zan koyi irin waɗannan?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam Laminu. Kuɗin kawo maka kaya ne naira 15,000, na biyun kuma yana cewa ba wani ƙarin kuɗi bayan wannan. A harkar kasuwa in ka ga kalmar ga ka fara tunanin kuɗi tukuna kafin batir. In mutum ya ce maka "how much do you charge" nawa kake amsa yake tambaya, kamar tela ko mai gyaran waya, in ya ce "free of charge" kyauta ne ko dala ba za ka biya ba. Ɗalibaina na koleji kullum nan suke faɗuwa, don rubutun iri ɗaya ne da na Faransanci sai su ɗauka ma'anar ma ɗaya ce.

Alhaji Isuhu direba: Gaskiyar Malama. Mu da muke bin hanyar Dan Isa zuwa Jibiya har Katsina, lodin mota can "load" suke cewa, daga nan ma munka samu lodi. In ka ce ma yaron tasha ya yi "charge" ɗin mota zai zaci batir ne ya mutu ya tahi neman mai cajin batir.

Laminu Bagalam: To Alhaji ai ka ga matsalar kenan

Nura Sabon Gari: Akwai wadda ta fi waɗannan nauyi, ta 'yan sanda da kotu. Abin da mu muke ce ma komisariya, tsofaffi a Najeriya caji ofis suke cewa, wurin da ake rubuta laifin da ake tuhumar mutum da shi. In ka ji an ce "he was charged with theft" an tuhume shi da sata ne, ba a ce an yanke mai hukunci ba, tuhuma ce kawai sai alƙali ya duba. Wannan ku riƙe ta da kyau don Allah, mutane na karanta labari a Facebook su yi ta yaɗa cewa an ɗaure wane alhali gaban kotu kawai anka kai shi, kuma ɓata sunan mutum ba ƙaramin abu ba ne.

Malama Hadiza: Madalla Nura. Ga dabarar da nake ba yara, ku duba ƙaramar kalmar da ke manne da ita. In "for" ta biyo baya, kuɗi ne. In "with" ce, laifi ne. In kuma an sa "in" gaba an sa "of" baya, wato "in charge of", to mai kula da wuri ne ko shugaban aiki. Ba kullum take ci ba amma mafi yawan lokaci za ta fisshe ka.

Zeinabu ma'aikaciyar jinya: Wannan ta ƙarshen na sha jin ta lokacin da na raka innata asibiti Kano, ko'ina ka je sai a ce jira "in charge" ta zo, ashe shugabar ɗakin ce. Sannan ranar sallama sunka ce "discharge". Ku lura kuma takardar nan tamu ta "prise en charge" da ma'aikata ke kaiwa asibiti, kar ka je can ka juya ta kalma da kalma, ba wanda zai gane, ka ce dai wurin aikinka ne zai biya.

Bashir ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Yaya Laminu ka sauke Google Translate a wayarka ka huta, akwai Hausa ciki

Malama Hadiza: Bashir, Google Translate yana da amfani amma in Laminu ya sa kalmar ita kaɗai ma'ana guda za ta fito mai, wataƙila ma ba wadda yake nema ba. Ya sa jimlar gaba ɗaya, kuma ya gwada da Faransanci ma tunda ya iya, sai ya haɗa amsoshin biyu. Ni na fi son ƙamus na Ingilishi zalla wanda anka yi don masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge, suna intanet kyauta kuma kowace ma'ana da misalin jimla ƙarƙashinta, har da yadda ake furtawa za ka iya saurare.

Alhaji Isuhu direba: Ni shawarata ta ɗan kasuwa ce. Duk takardar da ta zo da wannan kalma da lamba kusa da ita, kira mutumin ka tambaye shi da Hausa kuɗin mi ne, na mota ne ko na 'yan dako ko na banki, tun kaya ba su taso ba. Mutanen Kano ai Hausawa ne, rubutun ne kawai suke yi da Ingilishi. Kuma bankunansu ma suna cire nasu "charges" ɗin in ka tura kuɗi, a yi maganar wa zai ɗauke su tun farko.

Laminu Bagalam: Allah ya saka da alheri, na kira shi yanzu, kuɗin mota ne har Jibiya kawai, daga can ni zan biya. Malama in ba damuwa gobe zan turo hoton wata takardar, akwai "balance" da "deposit" ciki.

Malama Hadiza: Turo bayan la'asar in na taso daga lakwal, ka dai rufe lambar asusun kafin ka sa a zaure.