Kiɗan gogen Ireland a kan mandolin: hannun damana ya ƙi

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata biyu ina aiki a birnin Galway na ƙasar Ireland. Maƙwabcina wani dattijo ne mai gogen Turawa, shi ya ba ni aron mandolin, mai kama da ƙaramar gita. Tsirkiyarta takwas ce, bibbiyu, saitinsu G, D, A, E, daidai da na gogensa, saboda haka inda yatsansa ke sauka nan nawa ke sauka. Hagu dai ba matsala. Amma shi idan ya ja izga sautin miƙewa yake yi son ransa, ni kuwa ina kaɗawa sai ya mutu nan take. Kiɗan da suke kira jig ya fi ba ni ciwon kai, a tsakiya nake harɗewa kullum. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam. Harɗewar daga kaɗawa take. Jig bugu shida ne, uku-uku, sai ka riƙa yin ƙasa-sama-ƙasa, ƙasa-sama-ƙasa, yadda bugu na ɗaya da na huɗu duk za su faɗo ƙasa da nauyi. Wani kiɗan nasu da suke kira ril ne ake yi wa ƙasa-sama a jere. Wata biyu na yi ina wannan a tsirkiya ɗaya kafin hannuna ya yarda. Inda mai goge ke murɗa sauti da yatsa kuma, kai saka bugu uku masu sauri a gurbin. Dogon sauti sai karkarwa, wato kaɗawa da sauri ba tsayawa, amma kada ka cika ta a kiɗan rawa, tana cinye takun.

Yaya Asabe:
Ƙanena, kada ka karaya. Bill Monroe, shahararren makaɗin mandolin wanda aka haifa a Kentucky ta Amurka a 1911, mandolin ce ta faɗo masa don yayyensa sun riga shi ɗaukar goge da gita. Wajen kawunsa Pen Vandiver, mai goge, ya sha kiɗan a kunne, yana raka shi wuraren rawa. Kai ma ga dattijo a ƙofarka. Ka roƙe shi ya riƙa yi a hankali, ka rera da baki har ya zauna maka, sannan ka ɗauki mandolin.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Yaya, kin tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyonsa da gogen Garba Liyo. Jiya da dare na gwada wani kiɗan namu da na haddace tun ina yaro. Gogenmu tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, yatsa na sulɓewa inda ya so, mandolin kuwa ƙarafan da aka gitta a wuyanta sun hana ni wannan kukan. Ranar Asabar zan kunna wa dattijon ya ji, in ga ko gogensa zai iya.