Bin sawun ruwa da rini mai ƙyalli: abin da muka gani a ƙasar Damagaram

Mai duba rijiyoyi, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa amfani da rini mai ƙyalli wajen bin sawun ruwa su faɗi abin da suka gani a bakin aiki, domin a unguwarmu ana yawan zargin cewa ruwan salanga yana kutsawa cikin rijiyoyin gida idan damina ta yi nisa. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuma tsagar dutse yake bi, shi ya sa auna tazarar da ke tsakanin rami da rijiya ba ya wadatarwa. Na zuba koren rinin da ake kira fuloresin a wani ramin wanka, na riƙa jan guga ina dubawa, ruwan bai canza launi ba. Shin wannan ya wanke ramin daga zargi?

Injiniyan ban-ruwa, Mirya:
Wa alaikumus salam, Malam. Bai wanke shi ba, domin ido ba ya ganin rinin sai ya yi yawa, alhali na'urar auna ƙyalli tana kama shi ko da bai kai kashi 1 cikin biliyan 1 na ruwan ba. Wadda na yi aiki da ita ba ta fi doguwar tocila ba, ana ɗaura mata igiya a saukar da ita cikin ruwa. Tana haska shuɗin haske, rinin ya mayar mata da kore, ita kuma ta rubuta ƙarfinsa minti bayan minti. Idan aka sauke bayanan a kwamfuta, sai a ga layin yana kwance, can ya miƙe tsaye lokacin da rinin ya iso, sannan ya riƙa sauka a hankali yana jan doguwar wutsiya. Daga nan ake sanin lokacin isowa, da saurin ruwan, da kuma yadda ya bazu a hanya.

A garake na yi amfani da ita, ina so in san tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka daga bakin injin zuwa fangalin ƙarshe. Abin da ya ba ni wahala rana ce, domin tana kashe koren rinin a buɗaɗɗiyar kwata, har na'urar ta nuna kamar ruwan ya ɓace a hanya alhali yana nan. Sai na koma zubawa bayan magariba. Jan rinin da ake kira rodamin ya fi jure rana, amma laka da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe shi, saboda haka a wurin da yumɓu ya yi yawa yakan iso a makare kuma a raunane.

Malamar ɗakin gwaje-gwaje, Sabon Gari:
Yallabai ya yi bayani mai kyau, amma akwai matakin da ya kamata a fara da shi, wato auna ruwan rijiyar kafin a zuba komai. Gansakuka tana ƙyalli, sabulun gari yana ɗauke da sinadarin da ke sa tufafi haske, gurɓataccen ruwan damina kuma yana rikita na'urar. Na taɓa karɓar ruwan wata rijiya da ke kusa da wurin wanki, na'urar ta nuna alama tun ba a zuba rini ko ɗigo ba.

Wanda ba shi da na'ura yana iya ɗinke gawayi na musamman, wanda aka sarrafa domin tsotsar sinadari, a cikin ɗan ƙyallen gidan sauro, ya ɗaura masa dutse, ya rataya shi a rijiya nesa da inda guga ke faɗawa. Bayan mako ɗaya ko biyu a ciro shi a sa sabo, a kai tsohon ɗakin gwaji cikin leda baƙa, a wanke rinin daga jikinsa a auna. Ba zai faɗi sa'ar isowa ba, amma zai faɗi ko rinin ya wuce ta nan. Dabarar rinin kanta tsohuwa ce: a 1877 an zuba fuloresin inda kogin Danub ke nutsewa cikin ƙasa a kudancin Jamus, bayan kimanin sa'o'i 60 ya ɓullo a wani marmaro mai nisan kusan kilomita 12. Can dutsen farar ƙasa ne mai manyan kogwanni, namu kuwa ƙanƙarar dutse ce mai ƙananan tsagu, don haka kada Malam ya sa ran irin wannan sauri.

Mai haƙar rijiya, Matamai:
Ni ba ni da ilimin na'ura, Malama, amma na ga ɓangaren mutane. An taɓa yin irin wannan gwaji a wani ƙauye ba tare da an sanar da maƙwabta ba, aka kuma zuba rinin fiye da kima. Da asuba wata baiwar Allah ta ja guga ta ga ruwa kore shar yana ɗaukar ido, kafin hantsi magana ta cika gari cewa an yi wa rijiya sammu, aka daina ɗibanta har sai da aka yashe ta. A fara da mai unguwa da liman, a nuna musu rinin a cikin kwano, a gaya musu abin da ake nema. A ƙasarmu ta rairayi ruwa yana kusa da sama, rini ba ya jimawa yake bayyana.

Mai gyaran fanfo, Zango:
Ina da ja kaɗan, 'yan'uwa. A garin da ake layin jarka ana jiran ruwan Gogo da Arunguza, wuraren da ake janyo wa Damagaram ruwan fanfo, na'ura mai tsada ba kowa ke iya samunta ba. Ni gishiri nake narkarwa, in bi shi da ƙaramin abin auna gishirin ruwa, kuma a gajeriyar tazara yana yi mini aiki. Sannan duk inda aka sa sinadarin kulorin, kamar ruwan fanfo ko rijiyar da aka zuba wa jabel, wato ruwan kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, rinin yakan dusashe.

Malamar ɗakin gwaje-gwaje, Sabon Gari:
Maganar kulorin gaskiya ce, Malam, kuma ya kamata mai tambaya ya bincika ko an zuba jabel a rijiyar kwanan nan. Gishiri kuwa ba zan ba da shawararsa a nan ba, domin ana bukatar mai yawa, ruwan gishiri yana da nauyi yakan kwanta a ƙasa, kuma rijiyoyin cikin gari da ma suna da nasu gishirin. Idan gawayin ya nuna rini, an tabbatar akwai hanya tsakanin ramin da rijiyar, amma sanin ko ƙwayoyin cuta suna bin hanyar sai an ɗebi ruwan a tsaftatacciyar kwalba, an sa shi cikin sanyi, an kai shi gwajin ƙwayoyin bayan gida a ranar da aka ɗebo shi.