Mutum nawa korona ta kashe a Kano, kuma da wane ma'auni za a auna gwamnati?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da masana ƙididdiga, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Afrilun 2020 na halarci jana'iza biyar cikin mako guda a unguwarmu, dukkansu na dattawa, har ta kai muna dawowa daga makabartar Dandolo ƙura ba ta bar ƙafafunmu ba, sai mu ji ana sanar da wata rasuwar a lasifikar masallaci. Amma alƙaluman NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, sun nuna cewa tun daga ranar 27 ga Fabrairun 2020, da aka samu mai cutar korona na farko a Legas, har annobar ta lafa, waɗanda ta kashe a duk Najeriya ba su kai 3,200 ba. Wani abokina yana kafa hujja da wannan adadi cewa gwamnati ta yi rawar gani, tunda Amurka da duk arzikinta ta rasa fiye da mutum miliyan ɗaya. Shin abin da idona ya gani ne ya yaudare ni, ko kuwa lissafin ne yake da gyara?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Idonka bai yaudare ka ba, kuma hukumar ba lallai ne ta yi ƙarya ba, sai dai abin da ta ƙirga daban ne da abin da kake tambaya. Adadin nan na waɗanda aka yi wa gwaji ne, aka tabbatar suna ɗauke da cutar, sannan suka rasu da sanin hukuma. Dattijon da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu a ɗakinsa, ya cika da asuba aka kai shi makwanci kafin azahar kamar yadda addini ya tanada, ba shi cikin wannan lissafi, ko da kuwa korona ce ajalinsa. Saboda haka ƙasar da ta yi gwaji kaɗan, dole ne ta fito da mamata kaɗan a takarda.

Ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi shi ne a ɗauki yawan mutanen da aka saba rasawa a wani wata a shekarun baya, a kwatanta da waɗanda aka rasa a wannan watan lokacin annoba. Abin da ya ƙaru a kai shi ne ainihin ɓarnar. Da wannan hanya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a watan Mayun 2022 cewa annobar ta ci mutum miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka bayar bai wuce miliyan 5.4 ba. Indiya ta ce ta rasa kimanin 481,000, hukumar ta ce miliyan 4.7 ne, Indiya kuwa ta yi fatali da ƙiyasin. Ita kuwa Peru da kanta ta sake duba littattafanta a ƙarshen Mayun 2021, ta ɗaga adadinta daga kimanin 69,000 zuwa sama da 180,000.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne, wannan hanya tana buƙatar rajistar mace-mace, a Najeriya kuwa kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Galibi ba mai neman takardar shaidar mutuwa sai wanda zai karɓi haƙƙin mamaci a banki ko a ofishin fansho.

Tsohuwar Nas:

Ɗana, bari in ƙara maka da abin da ita kanta gwamnati ta amsa da bakinta. An tabbatar da mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare masu haƙa kabari ne suka fara kokawa da yawan gawarwaki, a daidai lokacin da ɗakin gwajin da ke jihar ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Gwamnatin Ganduje ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sanƙarau dai lokacinsa ne, amma duk wanda ya yi aikin asibiti a Kano ya san zazzaɓin sauro sai damina ta zauna yake cika gadaje, ba a tsakiyar bazara ba. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa dokar kulle ta mako biyu a jihar, aka turo tawagar da Dakta Nasiru Sani Gwarzo ya jagoranta. Da yake ba a saba yanka gawa don gano sanadin mutuwa a nan ba, sai suka bi gida-gida suna tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an binciki mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta jawo su, yawancinsu kuma a gida suka cika.

Sauran ma ba zan cire su daga lissafin annoba ba. Maƙwabcina mai hawan jini an zagaya da shi asibitoci uku a cikin adaidaita sahu, ko'ina da an ji yana haki sai a ce babu gado, domin ma'aikata ba su da kayan kariya kuma tsoro ya shige su. Bai taɓa yin gwaji ba, wataƙila ma ba ya ɗauke da cutar, amma a wata shekarar da an ba shi gado da magani.

Baban Khalifa:

Da girmamawa ga Hajiya da Malam, ina ganin kada mu zarce daga wancan gefe zuwa wannan. Gaskiya ne an rage ƙirga, amma ko da an ƙirga kowa, da wuya mu kamo Turai, saboda korona tsofaffi ta fi kayarwa. Waɗanda suka haura shekara 65 a Najeriya kimanin kashi 3 cikin ɗari ne, a Italiya kuwa sun zarce kashi 20. Wannan ya rushe hujjar abokin Ɗan Gwale ta wata fuskar, domin ƙuruciyar al'umma ba aikin gwamnati ba ce da za a yaba mata a kai. Ni abin da nake dubawa shi ne matakan da ke hannunta. An kulle gari cikin azumi alhali mafi yawan magidanta sai sun fita suke samun na cefane, sannan aka sassauta a ranakun Litinin da Alhamis, jama'a suka yi cincirindo a kasuwanni fiye da ranar da ba doka. An kwashi almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka kuma samu masu cutar a cikinsu bayan sun isa. Kayan tallafi kuwa, sai a watan Oktoba da matasa suka fasa rumbuna a jihohi da dama aka ga buhunan da ba a raba ba.

Malamin Lissafi:

Na yarda da batun shekaru, Alhaji, shi ya sa mai son adalci yake kwatanta tsoho da tsoho, ba ƙasa da ƙasa a dunƙule ba. Sai dai Afirka ta Kudu ma matasa sun fi yawa a cikinta, amma da yake tana rubuta kusan kowace mutuwa, an gano ƙarin mace-mace kimanin 300,000, ninki uku na adadin da aka tabbatar da gwaji.

Ɗan Gwale:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na tuna limaminmu yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango da yake rubuta sunan duk wanda ya sallata da ranar da aka yi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan roƙe shi ya bar ni in ƙirga na Afrilun 2019 da na Afrilun 2020, in kawo wa Malam ya duba mana.