Tambaya kan binciken da ya sauya tiyatar sankarar furostet

Bashir:
Assalamu alaikum. An gano yayana yana da sankarar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma likita ya ce gara a cire shi tun cutar ba ta bazu ba. Shi kuwa ya ninke takardar amincewa ya sa a aljihu, yau mako biyu, domin ya ji cewa wanda aka yi wa aikin ya rabu da ƙarfin mazantaka ke nan. Likitan ya ambaci wata hanyar da ake tsare jijiyoyi. Don Allah, mene ne asalinta?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir, Allah ya ba shi lafiya. Tsoronsa yana da tushe, domin kafin 1982 kusan haka abin yake. Wanda ya sauya lamarin shi ne Dakta Patrick Walsh na makarantar likitanci ta Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka. A 1981 ya ziyarci Farfesa Pieter Donker a birnin Leiden na ƙasar Holan, suka yi nazarin gawar wani jariri da aka haifa ba rai, inda suka ga cewa jijiyoyin mazantaka ba ta cikin furostet suke bi ba, ta gefensa suke wucewa, ashe likitoci ne ke datse su ba da saninsu ba. Ranar 26 ga Afrilu, 1982, Walsh ya yi tiyatar farko da wannan sani, kuma majinyacin, mai shekara 52, ya samu ƙarfinsa ya dawo.

Hajiya Rabi:
Ƙari kan bayanin Malam, tun 1979 Walsh ya wallafa yadda ake ɗaure jijiyoyin jinin da ke saman furostet, domin a da jini kan malale wurin har likita ya kasa ganin abin da yake yankawa.

Usman:
Ɗan'uwa, kada dai a yi wa Yaya alkawarin da ba a hannunku yake ba. Idan cutar ta kai gefen da jijiyar mazantakar take, dole a cire ta, domin ceton rai ne kan gaba. Shekarun mutum da lafiyarsa kafin aiki suna tasiri sosai, kuma farfaɗowa takan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Ku tambayi likitan ko jijiyoyin ɓangare ɗaya na furostet zai iya tsarewa ko na duka biyun.

Bashir:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan raka shi asibiti da wannan tambayar.