Ɗana ya kafe kan karatun meteyo, ni kuma ina tsoron na'ura ta riga shi aikin

Mahaifin ɗalibi, Garwa

Assalamu alaikum. Ɗana na fari ya ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, bana a fannin lissafi, kuma ya kafe cewa hasashen yanayi zai karanta, wato meteyo. Tun yana firamare yake da gwangwanin madara a kan katangar gidanmu, yana auna ruwan sama da rula yana rubutawa. Abin da ya hana ni sa masa albarka nan take shi ne, ƙanena ya nuna mini a wayarsa cewa yanzu ƙirƙirarriyar basira ce ke faɗin yanayin kwana goma masu zuwa. Ina roƙon waɗanda suka yi karatun ko aikin su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Tsohon ma'aikacin meteyo, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi ritaya bayan na shafe ƙuruciyata ina aikin dare a tashar auna yanayi ta filin jirgin sama. Kowace sa'a sai mutum ya fita da tocila, ya buɗe farin akwatin katakon nan mai ƙafa huɗu ya karanta ma'aunin zafi, ya ɗaga kai ya ƙiyasta gajimare. A lokacin hunturu kuwa, idan hazo ya sauko, muna da alamomin da muka san nisansu, kamar tankin ruwa da hasumiyar masallaci da wani dutse, wanda ya ɓace daga gani shi ke gaya mana nisan da matuƙin jirgi zai iya hangowa. A tashoshin da ke sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura, ƙa'idar duniya ita ce ƙarfe ɗaya na rana da ɗaya na dare a agogonmu.

Abin da ƙanenka ya nuna maka gaskiya ne. A 2023 kamfanin Google DeepMind ya fitar da GraphCast, wanda ke yin hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, bayan an horar da shi da bayanan yanayi na kusan shekara arba'in. To amma daga ina bayanan suka fito? Daga tauraron ɗan Adam da jirage da irin alƙaluman da muke aikawa cikin dare. Kuma har gobe, kafin ya faɗi abin da zai faru jibi, sai an gaya masa halin da sama ke ciki a yau, alhali nahiyarmu ce ta fi ƙarancin tashoshi. Aikin da na ga ya mutu shi ne zana taswira da fensir. Tashoshi masu sarrafa kansu ma sun rage masu karatun ma'auni, sai dai na taɓa tarar da wata ta yi mako uku tana aika sifili a tsakiyar marka, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa a mazurarin ma'aunin ruwan samanta. Kwamfuta ta karɓi sifilin ba ta ce uffan ba.

Wanda ya gama karatun, Njamena

Baba, ni zan faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. Guraben aikin gwamnati a wannan fanni kaɗan ne, da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, kuma ba kowace shekara ake buɗewa ba. Hanyar da kowa ya sani ita ce makarantar EAMAC da ke Yamai, mai koyar da meteyo da aikin jiragen sama, ta hukumar ASECNA mai kula da lafiyar zirga-zirgar jirage, wadda Kamaru da Chadi duk suna cikinta, sai cibiyar AGRHYMET, ita ma a Yamai, mai koyar da yanayin noma da ilimin ruwa. Ni na dawo da takardata na zauna shekara biyu ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Abin da ya fitar da ni shi ne na koyi rubuta manhaja da Python, wani yaren kwamfuta, da aiki da taswirar kwamfuta, har wata ƙungiya mai aikin gargaɗin ambaliya ta ɗauke ni.

A watan Fabrairun 2025 cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta fara amfani da nata tsarin na ƙirƙirarriyar basira mai suna AIFS a aikin yau da kullum, kuma ban ɗauki wannan a matsayin barazana ba. A da, sai ƙasar da ke da katafariyar kwamfuta ke iya irin wannan lissafi, yanzu kuwa sakamakon yana isowa teburina, aikina shi ne in gwada shi da abin da aka auna a ƙasa in gane inda yake kuskure. Hadarinmu na damina, wanda ke haɗuwa da la'asar ya taso daga gabas, yana daga cikin abin da ya fi ba waɗannan tsare-tsare wahala. Ɗanka ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, ya haɗa da manhaja da Turanci, kada ya tsaya ga Faransanci kaɗai.

Malamar makaranta, Kusiri

Ni ba fannina ba ne, amma ambaliyar 2024 ta koya mini abu guda. Wayata tana nuna rana tas, ruwa kuwa yana ta hauhawa, domin ruwan Logon da Shari daga kudu yake gangarowa, sai damina ta ɗauke a nan yake kai maƙura. Maƙwabtana ba su san ma'anar santimita a ma'aunin kogi ba. Wanda ya amfane mu shi ne mutumin da ya yi bayani a rediyo da Larabcin Shuwa da Fulatanci, ya ambaci unguwanni da sunansu. Alhaji, idan yaron yana jin harsunanmu, wannan ma jari ne.

Manomi, Marwa

Mu har yanzu dawowar shamuwa da juyawar iska muke kallo, kuma ba na shuka sai ma'aunin ƙauyenmu ya nuna kamar milimita 20 ƙasa ta jiƙu tsawon tafin hannu. Bara waya ta ce za a yi ruwa, aka kuwa yi shi, amma a gonar surukina, tawa ko ɗigo ba ta samu ba. Wanda zai iya gaya mini ko ruwan ƙarshen damina zai wadaci ƙasar masakwa, zan biya shi da buhu.

Tsohon ma'aikacin meteyo, Ngaundere

Na manta abu ɗaya, Alhaji. Ka ce wa yaron ya sauke gwangwanin daga katanga, ya kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, bakinsa da gindinsa su zama faɗi ɗaya, ya riƙa karantawa ƙarfe bakwai na safe kullum, ranar da ba a yi ruwa ba ma ya rubuta sifili. Idan kun shigo Ngaundere ku zo da littafin in duba.