Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ta dace da Wendell Scott?

Bakanike:
Salam 'yan uwa. Tunda na karanta labarin Wendell Scott wannan karin maganar take min yawo a kai. Baƙin Ba'amurke ne ɗan garin Danville a jihar Virginia, direban tseren mota kuma bakanike irina, shi ke gyara motarsa mai lamba 34 da hannunsa 'ya'yansa na canza masa taya. Ran 1 ga Disamba 1963 ya ci tseren NASCAR, wato hukumar shirya tseren motoci a Amurka, a Jacksonville ta Florida, ya ba na biyu tazarar zagaye 2 cur, amma aka ɗaga wa wani bature Buck Baker tutar nasara aka miƙa masa kofi. Wallahi abin ya min ciwo.

Malamar Hausa:
Wslm. Malam akwai gyara fa. A karin maganar kura ba ta samun komai, gardi ke kwashe kuɗin kallo duka. Shi kuwa Scott bayan jama'a sun watse an sake duba lissafin zagaye an ce shi ya ci, an biya shi dala 1,000. Kuma gardi ai shi ke riƙe da kura yana wasa da ita, Baker bai riƙe kowa ba, masu shirya tseren ne suka yi aika-aikar.

Bakanike:
Hajiya kuɗin karin magana ba lallai tsabar kuɗi ba ne ai. Tafi da hoton jarida da kofin duk wani ya tafi da su, ana ma cewa don kar baƙar fata ya tsaya kusa da sarauniyar kyau baturiya a gaban mutane ne, to in ba wannan ne karɓar kuɗin gardi ba mene ne?

Tsohon direba:
Yarana ni mahaƙurci mawadaci zan ce. Tsere 495 ya shiga da tsofaffin motoci har haɗarin filin tseren Talladega na 1973 ya kwantar da shi, kuma a 2015 an sa sunansa cikin zauren gwanayen NASCAR.

Malamar Hausa:
Baba a gafarce ni, wadatar da ta zo bayan mutum na kabari? Ya rasu 1990, kofin sai 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalansa a filin tseren Daytona. Ni ihu bayan hari na gani.

Tsohon direba:
'Yata jikokinsa sun riƙe kofin da hannunsu, a gidanmu ba ma kiran wannan banza.

Bakanike:
Na yarda Baker ba gardi ba ne Hajiya, amma bugun dai Scott ne ya sha.