Dada ta ce ba za ta bar Jekadafari ba, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema don Allah, kada a mayar da abin wasa. Hamma na, wato yayana, da ke kasuwanci a Legas Allah ya buɗa masa, makon da ya wuce ya kira ni ya ce yana so ya gina wa Dada, mahaifiyarmu, gida a nan Gombe, ni da iyalina mu zauna da ita tunda ni ne a kusa. Ya ce in zaɓi duk unguwar da na ga dama in kawo masa tsarin gidan, kuɗi ba matsala ba ne, har sau biyu ya maimaita. To ni tun ina yaro in na bi ta GRA ina kallon benayen nan nake cewa wata rana, shi ya sa ban ɓata lokaci ba na ce New GRA ko Tumfure, bene, falo biyu, ɗakuna shida kowanne da banɗakinsa, POP ko'ina, sola ta cika rufi. Na je da murnata na faɗa wa Dada, ta dube ni ta ce "to wa zan gaisa da shi a can?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta haura shekara 40 a Jekadafari, gidan kuma ya gaji, da damina bokiti muke tarawa a ɗakinta. Madam kuwa tun da ta ji zancen bene ta daina barci. In ku ne aka ce kuɗi ba matsala, ina za ku gina, kuma wane irin gida?

Wani matashi daga Pantami:
Hamman naka ba ya neman wani ƙanin? Ni in aka ce min haka ko sallama ba zan tsaya yi ba, Maitama ko Asokoro kai tsaye, gida mai wurin ninƙaya a baya, Gombe sai da sallah.

Maman 'yan biyu, Tumfure:
Wa alaikumus salam. Malam ni Tumfure nake zaune, bari in faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Unguwa ce mai kyau, akwai iska, filaye masu faɗi, ga hanyar Bauchi a bakinka, amma ruwa fa. Nan sama muke, ruwa yana can ƙasa da nisa, burtsatse sai an haƙa an haƙa, wani ma ya kashe kuɗin a banza. Ruwan famfo kuma tun daga Dadin Kowa yake tasowa, ranar da ya zo mu gode Allah, ranar da bai zo ba sai tanka. In dai nan za ku zo, kafin ka yi zancen tayil ka fara da babban tankin ƙasa wanda zai ɗauki tanka biyu ko uku, kuma a haɗa indararo ruwan sama ya riƙa sauka ciki. Sannan maganar Dada gaskiya ce, uwar mijina wata biyu ta yi mana ta tattara ta koma Bolari, wai nan ko mai tallan gyaɗa ba ya shigowa.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya. Wallahi ruwa ko a raina bai zo ba, ina can ina lissafin kalar fenti.

Wani magini:
Alhaji ni aikina ke nan, kuma abin da zan fara cewa shi ne ka cire bene daga lissafin Dada. Tsohuwa da ciwon gwiwa ba ta hawa matakala, ƙarshenta a ba ta ɗaki ɗaya a ƙasa kusa da kicin ta zama kamar baƙuwa a gidan da aka gina da sunanta. Na sha ganin haka.

In ni ne, fuloti biyu zan haɗa, tsawo ƙafa ɗari, faɗi ƙafa ɗari. Sashen Dada a ƙasa, ɗaki biyu da falo da baranda mai faɗi da ke kallon tsakar gida, banɗakinta babu tayil mai santsi, a sa mata ƙarfen kamawa a bango. Naku sashen can gefe, in Madam na son bene a ɗora a nan, kowa da ƙofarsa. Ka bar tsakar gida da gaske, ba wannan ɗan lungun da ake bari ba, inda za a shimfiɗa tabarma, a yi suna, a yanka rago, a ɗora tukunya a murhu, don duk kyan kicin ɗin zamani ranar biki waje ake fitowa. Ka yi zaure a bakin get saboda baƙi maza. Kuma don Allah a ɗaga gini, yanzu mutane na rage tsayi su liƙa POP su sa ƙananan tagogi, in Maris da Afrilu suka zo ɗaki ya koma tanda, sai AC, AC kuma ya cinye batirin sola kafin asuba. Taga ta fuskanci taga iska ta ratsa, kada a ba yamma manyan tagogi. Ranar da aka sa harsashi a ranar a dasa maina da mangwaro, kafin a gama gini sun fara tashi. Siminti dai ga Ashaka a jiharmu, kada a yi masa rowa a bulo.

Wani ma'aikaci, Federal Low Cost:
Ƙari a kan maganar oga magini. Duk filin da za ku saya a Gombe, ku je ku gan shi da damina bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba da rani ba. Garin nan a kwari yake, ƙasar yashi ce, ruwa na gangarowa daga tudu da gudu, ɗan ramin da ka tsallaka bana baɗi ya ci katangar mutum. Kowa ya ga yadda kwarin wajen jami'ar jiha da na kwalejin ilimi ta FCE suka yi kafin a gyara su da tallafin Bankin Duniya. Sai takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar mai unguwa da shaidu ba ta kai C of O, takardar mallakar fili ta gwamnati, ba. Ku je GOGIS, hukumar filaye ta jiha, a duba filin kafin ku biya ko sisi, musamman da dillalai za su ji cewa mai kuɗin Legas ne.

Wata 'yar uwa:
Ni fa ina tausayin Madam, kowa Dada Dada. Ita ma shekara nawa tana haƙuri a gidan yawa? Mace na son inda za ta rufe ƙofarta ta sha iska. A yi mata benenta.

Wani dattijo, Herwagana:
Ɗana, Allah ya yi wa yayanka albarka. Tambaya ɗaya zan yi maka, gidan na waye? In na mahaifiyarku ne, to ai ta riga ta ba ka amsa. Mu da muka manyanta abin da muke so kaɗan ne, mu ji kiran salla daga masallacin da muka saba, in an yi rasuwa ko haihuwa mu taka da ƙafa mu je, jikokin maƙwabta su shigo su dame mu. A can bayan dogayen katangu sai ta jira direba kafin ta je gaisuwa, maigadi kuma ya tsare ƙawayenta a get yana tambayar wa suke nema. Tunda an ce kuɗi ba matsala, me zai hana ku nemi maƙwabcin da zai sayar, ku ba shi farashin da zai ji daɗi, ku rushe ku haɗa ku gina sabo a nan inda take? Cikin gari ga asibiti kusa, ga kasuwa, ga Keke Napep a bakin layi. In akwai sauran magada a tsohon gidan, a zauna da su tukuna a rubuta komai.

Wani matashi daga Pantami:
Baba kun kashe min Maitama ke nan.

Mai tambaya:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Akwai wani kango a bayanmu, masu shi sun koma Kano tun tuni, sai awaki ke kwana ciki. Yanzu na kira Hamma na karanta masa maganarku, ya yi dariya ya ce dama ya san Dada ba za ta tashi ba, ni yake jira in gane. Ya ce in nemo masu kangon. Matsalar layinmu matsattse ne, ban san ko tifa za ta iya shiga da yashi ba, oga magini ko za ka zo ka duba mana ranar Asabar? Madam kuma ban faɗa mata ba tukuna, wanda ya san yadda ake fara irin wannan zancen ya taimaka min kafin magariba.